Tukunya Biyu a Murhun Inna

Babanmu ba mai jiki ba ne tun asali. Akwai wani tsohon hoto a ɗakin Inna, yana tsaye a jikin motarsa, dogo siriri kamar karan dawa, hula a karkace. Shekara da shekaru yana jigilar mutane da kaya tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi, ranar kasuwa har sawu biyu yake yi. Mutumin da ke hawa saman mota ya ɗaure buhuna, ya diro ya canja taya, ina kitse zai sami wurin zama a jikinsa?

Da hanya ta lalace aka fara tare motoci, sai yayyena maza suka taru suka roƙe shi ya ajiye tuƙi. Ya ajiye, amma ba da son ransa ba. Aka ba shi benci a tasha cikin dattawan da ke tsara layin motoci da raba gardamar direbobi. Aikin zama ne, tasha kuwa wuri ne da abinci ke bin mutum har inda yake zaune. Da safe shayi mai kauri da burodi, da hantsi mai masa ta ratso, kafin la'asar mai tsire ya hura wuta. Duk direban da ya dawo lafiya sai ya ajiye wa Baba wani abu a gabansa, shi kuma ba ya iya mayar da hannun kyauta baya. Idan ya dawo gida ga tuwon Inna na jiransa, da miyar kuka, man shanu na yawo a samanta.

Inna 'yar ƙaramar mace ce, siririya, marar yawan magana. Ban taɓa jin ta faɗi wata kalma mai taushi game da Baba a gabanmu ba, kunya ba za ta bar ta ba. Amma duk wanda ya ga yadda take gyara kwanonsa ya san abin da ke ranta. Idan ya ce ya ƙoshi sai ta ƙara masa rabin malmala. Da tumbinsa ya fara fitowa, maƙwabta na cewa Alhaji ya samu hutu, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, kamar an yabi ɗinkin da ta yi da hannunta.

Ni ce autarsu. An kai ni aure Shinkafi, kuma a shekarar da wannan abu ya faru na dawo gida haihuwar fari. Ban daɗe da sauka ba, ina ɗaki da jaririyata, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida da rana tsaka. Babban yayanmu ya shigo riƙe da Baba. Ashe ya yunƙura zai tashi daga benci ne jiri ya kwashe shi, direbobi suka tare shi kafin ya kai ƙasa, aka wuce da shi asibiti.

Yaya ne ya yi wa Inna bayani a tsakar gida. Ya ce jini ya hau, sukari ma yana bakin ƙofa, gwiwoyin da ke sa Baba sallah a kan kujera kuma nauyi ne ya yi musu yawa. An ba da magani, amma likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba. Dole sai Baba ya rage jiki. A rage tuwo, a rage gishiri, a janye mai, a yawaita ganye, ya riƙa tafiya da ƙafa.

Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Miya ba mai? To mi za ta zama?"

"Miya dai, Inna. Ganye da ruwa."

Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da ta riga ta share.

Tukunyar farko ba ta yi kyau ba, kuma ita ma ta sani. Ta yanka kabeji da karas da alayyafo, ta zuba su gaba ɗaya cikin ruwa, ta bar su suna tafasa har suka mutu, suka yi launin tsohon tsumma. Ta kai wa Baba da 'yar malmala guda wadda ba ta fi dunƙulen hannun yaro ba. Ina jiyo su daga ɗakina. Ya buɗe kwano, ya sa cokali ya juya.

"Hajiya, wagga miya ta, ko ruwan da anka wanke ganye na?"

"Magani na. Sha."

Ya sha cokali uku ko huɗu ya rufe. Da aka fito da kwanon na ga Inna ta tsaya tana kallon abin da ya rage a ciki. Tun da aka kawo ta gidan nan kwanon Baba bai taɓa dawo mata da saura ba. Ta zuba wa awaki, su ma suka shinshina suka juya, ta bi su da harara.

Daga ranar ta ɗauki abin da zafi. Ni mai jego ce, ba a bari na taɓa aiki, don haka sai in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa bayan wankan safe in zuba mata ido. Ta gwada wannan, ta gwada wancan, tana ɗanɗanawa tana yamutsa fuska, har ta gano hanyarta. Tattasai da tumatir da albasa ba ta zuba su ɗanyu, sai ta ɗora su a kan garwashi har bayansu ya yi baƙi, ta ɓare, ta jajjaga su a turmi da tafarnuwa da citta da daddawa. Ƙamshin gashin nan shi ya tsaya a madadin suyar da aka hana ta. Kabewa take fara sawa a tukunya, ta bar ta ta narke ta ba miyar kauri, tunda gyaɗa ma an ce a yi hankali da ita. Ta gyara busasshen kifi, ta zare ƙayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da farce. Karas da kabeji su biyo baya. Zogale da alayyafo kuwa sai ta kusa saukewa take watsa su, ta rufe, ta janye itace, su fito kore shar. Da yake gishirin ɗan kaɗan ne, sai ta jefa 'yan ganyen sure, wato yakuwa, tsaminsa ya tayar da harshe.

Ranar da ta haɗa wannan, Baba ya shanye tas. Bai yaba ba, don yabo zai zama kamar ya amince da hukuncin da aka yanke masa. Cewa kawai ya yi, "Yau dai an ji daddawa." Inna ta karɓi kwanon, can na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wurin wanke-wanke.

Matsalar ita ce tukunya biyu ke kan murhun Inna a lokacin, kuma gabansu ba ɗaya ba ne. Ɗaya ta Baba ce, wadda ake so ta rage shi. Ɗayar tawa ce, wadda ake so ta mayar mini da jikina. Mijina na aiko da nama daga Shinkafi duk ranar kasuwa, ana yi mini farfesun ƙafar sa da yajin jego, ga gasasshen nama, ga kunun kanwa mai zaƙi. Ƙamshin tukunyata ya cika gidan har zaure. Bawan Allah yana zaune da miyar ganyensa, iska na kawo masa labarin abin da ake ci a ɗakin 'yarsa.

Sai Baba ya tsiri zuwa gaida jikarsa. Ba ya zuwa da safe, ba ya zuwa da la'asar, sai daidai lokacin da aka ajiye mini kwano. Zai yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa da ƙyar yana dafa bango, ya ce, "Ina amaryata? A miƙo min ita." In miƙa masa jaririyar, ya rungume ta yana mata wasa, amma idonsa na kan farfesu.

Wata rana ya kasa daurewa. Ya rage murya ya ce, "Auta, wanga nama ya dahu kuwa? Kada su ba ki ɗanye, ke da ba ki da ƙarhi."

"Ya dahu, Baba."

"Kawo in gani."

Ban san abin da zan yi ba. Mutumin da ya saba sayo mini rake da alewa a kowace tafiya, yau shi ke roƙona tsoka guda. Kafin in yanke shawara ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa. Ya kai ta rabin hanya ke nan sai muka ji gyaran murya. Inna ce tsaye da butar ruwan zafi.

"Alhaji."

"Yaji nike duba mata, kada shi yi yawa."

"To in ka gama dubawa, aje mata abinta."

Ya mayar da tsokar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sannan ya lashe yatsunsa biyu, ya dubi Inna ya ce, "Wanga dai likita bai hana ba." Na yi dariya har cikina ya yi ciwo, Inna ma ta juya baya don kada mu ga fuskarta.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Baba na shan miyarsa a gida ba gardama, amma jiki bai motsa ba. Riga yadda take kama shi haka take kama shi. Inna ta fara zargin tukunyarta, ta ƙara rage malmalar. Sai ranar wanki ta ɗaga farar rigarsa ta ga ɗigon mai a ƙirji, ta kai hanci ta ji ƙuli da yajin tsire. Ta daɗe riƙe da rigar. Ni na ɗauka za a yi faɗa da ya dawo, amma ba ta ce masa uffan ba.

Abin da ta yi shi ne ta daina cin tuwo. Ta daina fura, ta daina kunu, ta daina taɓa ko ruwan farfesuna da nakan matsa mata ta sha. Safe da rana da dare, miyar ganyen nan kawai take zubawa a ɗan kwano ta sha. Mace ce da dama ba ta da jikin da za ta rage, ga aikin gida, ga dafa ruwan wankana safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki ƙasusuwan wuyanta suka fito, zanenta ya fara zamewa. Na roƙe ta, ta ce in kula da ɗiyata in bar ta.

Baba ya lura. Ni ya fara tambaya, ya ce, "Innarku lahiya take? Ban ga tana cin abinci ba."

Na ce, "Ita za ka tambaya, Baba."

Bayan la'asar ya same ta a gindin murhu tana tsinke zogale. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Labulen ɗakina a sake yake, ba su san ina ji ba, ko kuma sun sani ba su damu ba.

"Ke kuma wane likita ya hana maki tuwo?"

"Ba kowa. Na ga kai kana da tasha. Miyar ga kuwa tunda an dahwa ta, tilas a samu wanda ka shan ta da gaskiya."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta, can sai ta ce, "Ni na zuba maka man ga, Alhaji, da hannuna, shekara da shekaru. In ka ce ya isa, in ƙara. Randa anka shigo da kai riƙe, ko tukunyata ban iya kallo ba. Yara dut sun watse, kowa na gidansa. In ka hwaɗi, da wa za ni zama cikin gidan ga?"

"Subhanallahi," in ji Baba. "Abincinki bai cuce ni ba. Zama na, da bakina." Ya ɗauki reshen zogale guda yana juya shi a hannu. "Tashi ki ɗora tuwo ki ci."

"Sai ka bar tsire."

"Na bari."

"Da masa."

"Har masa?"

"Har masa."

Ya ja dogon numfashi kamar wanda aka ce ya sayar da motarsa. "To. Allah shi ba mu haƙuri."

A daren nan Inna ta ci tuwo, ni na zuba mata da kaina.

Washegari Baba ya tafi tasha da miyarsa cikin kular abinci a hannu. Yaya ya ba mu labarin yadda aka kwashe. Direbobi suka kewaye shi, suka leƙa kular, wani ya ce Alhaji ya koma cin abincin awaki. Baba ya ɗaga cokali ya ce, "Cikinku wa ya taɓa ganin akuya da hawan jini?" Aka bushe da dariya, aka ƙyale shi. Masu kawo masa tsire suka koma kawo goro da yalo. Ba a jima ba wani abokinsa dattijo, wanda shi ma ƙafafunsa ke kumbura, ya fara matsowa da nasa cokalin, har dai Inna ta canja tukunya zuwa babba.

Tafiyar ƙafa ce ta rage. Baba ya ce shi ba zai fita yana zagaya gari ba dalili ba, mutane su ce ya taɓu. Sai Inna ta samo masa dalili. Ta ce ganyen kasuwa kafin ya iso hannunta ya yi yaushi, ita na lambu take so, wanda aka yanko da raɓarsa. Lambunan kuwa suna can bakin gulbi, da 'yar tazara daga unguwarmu. Ranar farko ya dawo yana haki, ya zube a kan tabarma, ya ce an haɗa baki za a kashe shi. Amma ya koma washegari. Daga baya har ya saba da masu lambun, ya san wanda alayyafonsa ya fi taushi, ya dawo yana ba Inna labarin farashin albasa kamar shi ya shuka ta.

Da na gama wankan jego aka mayar da ni Shinkafi, ban ga sauran abin da ido ba sai a ziyara. Kowane zuwa sai in ga ɗan canji. Wuyansa ya fito, tafiyarsa ta yi sauƙi, ya daina minsharin da ake ji har tsakar gida in yana ƙailula. Wata rana Inna ta faɗa mini, kamar ba wani abu ba, cewa an mayar da kujerar sallarsa zaure, baƙi ke zama a kai. Bai koma siriri ba, kuma bai bar shan magani ba. Wani lokacin ma yakan zame, musamman in ana biki. Amma tela ya rage masa riguna, likita kuma ya daina ɗaure fuska in ya gan shi.

Mutum ɗaya ce wannan al'amari bai yi wa daɗi ba, ita ce Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Zurmi. Ita ta goye shi yana ƙarami, kuma har ya yi furfura kallon yaro take masa. Saboda halin hanya ta daɗe ba ta zo Ƙaura ba. Ranar da ta zo ina gida, ta sauka da buhun gero da ƙullin kaya. Baba ya fito tarbarta da fara'a. Tana ganinsa ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Mi anka yi ma ƙanena?"

"Lahiya lau nike, Yaya."

"Lahiya? Ka zube haka ka ce lahiya?" Sai hawaye. Ta juya wurin Inna. "Ke, mi kike ba shi?"

Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce a hankali, "Miyar ganye, Yaya."

"Ganye!" Gwaggo ta zauna daɓas a kan tabarma. "Mu da munka ci ganye shekarun yunwa, tafasa da rama ba ko ƙuli, muna roƙon Allah shi hisshe mu. Yanzu Allah ya hore, gero cike da rumbu, ku koma ma ganye da kanku?"

Ba ƙarya ta faɗa ba. A wurinta ganye abincin wahala ne, ƙiba kuma shaidar cewa wahala ta wuce. Baba ya zauna kusa da ita ya yi mata bayanin jirin da asibitin, tana saurare tana girgiza kai. Da ya ga bayanin ba ya shiga, sai ya miƙe daga tabarma ba tare da ya dafa komai ba, ya nufi zaure, ya ciccibi buhun geron da ta zo da shi ya shigo da shi har ƙofar ɗakin ajiya. Gwaggo ta bi shi da kallo, ta goge ido da gefen mayafi.

"Aje, kada ka karye," ta ce. Amma ta daina kuka.

Da rana Inna ta yi mata tuwo da miyar taushe mai mai sosai, irin ta baƙi. Gwaggo ta ci, sannan ta ce a ɗebo mata wannan ta ƙanenta ta ji abin da ake azabtar da shi da ita. Aka zubo mata. Ta kurɓa, ta ce ba gishiri. Ta sake kurɓa, ta ce kabewar ta yi. Tana ta kushewa tana sha har ta ga gindin kwano, sannan ta tambayi Inna yadda take yi ganyen bai mutu ba. Suka shiga hira a gindin murhu, su biyu, har aka kira la'asar.

Kwana biyu ta yi ta koma. Baba ya raka ta tasha da ƙafa, yana riƙe da ƙullinta, tana binsa a baya tana faɗan ya rage sauri. Bayan 'yan makonni wani direban Zurmi ya kawo wa Inna saƙo daga wurinta, busasshen zogale ne cike da ƙwarya, ta shanya shi a inuwa da kanta, da daddawa mai kyau.

Duk da haka Gwaggo ba ta sauka daga ra'ayinta ba. Har yau idan na je Zurmi gaishe ta, sai ta riƙe hannuna ta gaya wa matan gidansu cewa ƙanenta ya yi ciwo ya rame, amma yana samun sauƙi, in Allah ya yarda jikinsa zai dawo kamar da. Matan su ce Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma in ce amin.